Wanda Ya Rufe Ƙofar Ruwa

"Don Eladio Pavón ne ya kashe mini ɗa. Rubuta."

Sufeto Anselmo Quesada ya ɗago kai daga takardun da ke gabansa. Wata tsohuwa ce tsaye a bakin teburinsa, baƙar riga, takalmin roba, laka har gwiwa. Ta ɓata musu daɓen ofis tun daga ƙofa, kuma ba ta da niyyar ba kowa haƙuri.

"Zauna tukuna, Doña..."

"Ni ba Doña ba ce. Casilda. Doña su ne matan da ba su taɓa taka laka ba. Kuma ban zo zama ba. Ɗana Fermín na can kwance a bakin ƙofar ruwa ƙudaje na binsa, kai kana ce mini in zauna."

"Ya mutu?"

"A'a, hutawa yake da kai a fashe. Ya mutu mana!"

"Kin ga lokacin da Don Eladio ya buge shi?"

"Ban gani ba."

"To me ya sa kika ce shi ne?"

"Tashi mu je in nuna maka. Ko sai ka gama shan kofin naka?"

Ƙarfe biyar ne na yammacin Talata, a tsakiyar Agusta, iskar gabas na hurawa da zafi kamar daga bakin murhu. Sufeto ya ɗauki hularsa, ya ce wa sajansa ya kira likita.

Mota ba ta shiga fadama. Suka bar ta a bakin kwalta, suka bi kan gaɓar da ta raba tafkuna. Tsoffin filayen gishiri ne, da gishiri ya daina ciyar da kowa sai aka mai da su tafkunan kiwon jatan lande. Casilda na gaba, shekara saba'in da ɗaya, ba ta ko haki. Sufeto na baya, laka ta cire masa takalmi sau biyu.

"Kai ɗan ina ne?" ta tambaya ba tare da ta waiwaya ba.

"Jaén."

"Na ga alama. 'Yan noman zaitun. Ka bi inda na taka."

Tafkinta shi ne na ƙarshe a mashigin da ke kawo ruwan teku. Ƙofar ruwan ba wani abu ba ce, bango biyu ne na dutse da tsagi a kowane gefe, ana zura katakai ɗaya bisa ɗaya. A cire katako ruwa ya shiga, a mayar ya tsaya.

Fermín na kife a kan dutsen bakin ƙofar, hannu ɗaya na lilo a kan ruwa. Mutum ne mai shekara arba'in da huɗu, bai taɓa aure ba, daga shi sai uwarsa sai tafkin. Likita ya duƙa, ya duba, ya ce da ƙarfe aka buge shi a ƙeya, sau ɗaya, wajen ƙarfe uku.

Ƙarfe uku a watan Agusta. Ko kare ba ya fita a fadama a wannan lokaci, kowa na barcin rana.

Da aka zo ɗaga gawar sai ta ƙi tasowa. Sufeto ya tsuguna ya ga dalili. Gefen rigar mamacin ya maƙale tsakanin katakai biyu na sama. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya sa aka yanke rigar da almakashi, ya bar guntun inda yake. Casilda na can gefe tana riƙe da hular ɗanta, ba ta ga wannan ba, shi kuma bai faɗa mata ba.

"Yaushe ya fito daga gida?"

"Ɗaya da rabi. Ruwa na shigowa, ya zo ya buɗe wa tafki ya sha. Da zafin nan in ba a sabunta musu ruwa ba shaƙewa suke yi."

"Yaushe ya kamata ya rufe?"

"In ruwa ya cika. Huɗu da rabi."

Kusa da ƙofar akwai bokiti. Casilda ta jawo shi da ƙafa, ta tura gaban Sufeto. Jatan lande ne a ciki, sun kai ashirin, matattu, suna wari.

"Ga abin da na kawo ka ka gani. Waɗannan ba namu ba ne. Mu a Mayu muka zuba ƙanana a tafki, namu ba su wuce ɗan yatsa ba. Dubi girman waɗannan. Mutum ɗaya ne ya zuba tun Afrilu a duk mashigin nan, don shi ke da kuɗin ɗumama ruwa." Ta ɗauki ɗaya ta ɓalle kan. "Ka ga ya yi ja ba a dafa shi ba? Ka ga hanjinsa fayau, hantarsa fara fat? Cutar nan ce. In ta shiga tafki, kwana huɗu ta share shi."

"Yaya aka yi suka zo nan?"

Ta dube shi kamar yaron da aka aika ya manta saƙo.

"Saurara, ɗan zaitun. In teku na shigowa, kowa ya buɗe ya sha. In yana komawa, kowa ya zubar da dattinsa ya bi shi ya tafi. Ba mai zubarwa ruwa na shigowa. Ko mahaukaci ba ya yi. Wanda kuma cuta ta shiga tafkinsa, sai ya kulle ƙofofinsa ya zagaya ya gaya wa maƙwabta. Haka muka taras, haka muke yi. Don Eladio na kusa da bakin teku, mu muna ƙurya. Duk abin da ya zubar ruwa na shigowa, a bakinmu yake ƙarewa. Ɗana ya gani, ya tsince su don ya kai ƙara, aka fasa masa kai."

Sufeto ya sa aka zagaye ƙofar da igiyar 'yan sanda, ya ce kada wanda ya taɓa katako ko ɗaya.

Washegari da safe ya isa gonar Don Eladio. Tafki goma sha biyu, injinan kaɗa ruwa na ta wulwulawa, ofis mai na'urar sanyi. Mai gidan ya tarbe shi da farar riga da takalmin da bai san laka ba.

"Sufeto! Na ji abin da ya faru. Kaico, yaron kirki. Kofi?"

"Ina kake jiya da ƙarfe uku?"

"Cádiz. Daga ɗaya zuwa biyar ina cin abinci da mutum takwas, biyu lauyoyi ne. Zaɓi wanda kake so ka kira." Ya yi murmushi. "Casilda ce ko? Shekara goma tana zagina don na nemi sayen kududdufinta. In akuyarta ta yi tari ni ne."

"Lafiyar jatan landenka fa?"

"Ƙalau. In soya maka?"

Suka fita zagaye. Duk tafkunan ruwansu kore ne mai kauri, sai na huɗu, shi kam garau yake kamar ruwan kofin gilas, ana hango ƙasa, kuma ba abin da ke motsi a ciki. A gefensa akwai babban injin zuƙar ruwa, bututunsa ya haye gaɓa ya sauke baki a mashigi. Sufeto ya tura ciyawar wajen da ƙafa. Jajayen ɓawo ne birjik.

"Me ya faru da wannan?"

"Ni kiwon ba na sa hannu a ciki. Tambayi shugaban ma'aikata. Nicanor!"

Wani mutum ya taso daga wajen injin, dogo, ƙasusuwan fuska a waje, idanu jajur. Ya cire hula.

"Gyara muka yi, yallaɓai. Mun kwashe na ciki mun rarraba a sauran tafkuna, muka wanke shi."

"Yaushe?"

"Jiya da sassafe. Ruwa na komawa."

"Da ƙarfe uku kana ina?"

"A bukka. Barci."

"Wa ya gan ka?"

"Mai barci ba ya sanin wanda ya gan shi, yallaɓai."

Don Eladio ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa. "Ka yi masa a hankali, Sufeto, zaman makoki yake. Ƙanwar mamacin yake aure, Amparo. Na ce ya huta yau ya ƙi."

A bakin ƙofar gonar Sufeto ya yi kiciɓis da wata ƙaramar mota ta gwamnati. Likitar dabbobi ce, Dakta Nieves, tana fito da akwatin kwalabe.

"Ziyarar da kika saba ce?" ya tambaye ta.

"Ina fa. Masunta ne suka ce tsuntsayen teku sun yi cincirindo a kan tafki ɗaya kwana uku. Tsuntsu ba ya taruwa a kan lafiyayyen tafki. Na kira Don Eladio na ce ina zuwa yau."

"Yaushe kika kira shi?"

"Jiya, sha biyun rana."

"In kika tarar da cutar fa?"

"A rufe gonar gaba ɗaya, tafki goma sha biyun. Ba zai sayar da ko kilo ɗaya ba bana."

Sufeto ya lissafa a ransa. Sai sha biyun rana mutumin ya san ana zuwa. Ke nan ba wanda ya wanke tafki da sassafe. Daga sha biyu kuwa ruwa shigowa yake, kuma mai son ya kwashe tafki ya sake cika shi kafin gari ya waye ba zai tsaya jiran teku ya juya ba. Ya ɗauko bokitin daga bayan motarsa ya miƙa mata, ya roƙe ta ta ɗebi ruwan tafkin Casilda ma.

Ya kira mutum uku daga cikin takwas ɗin Don Eladio. Duk sun ce yana tare da su, har sun faɗi kifin da ya ci.

Ranar Alhamis aka binne Fermín. Don Eladio ya aiko da furanni masu girman tayar mota. Casilda ta ɗauke su da hannunta ta jefa a kwata a gaban limamin coci. Nicanor na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin, a gaba ta hannun dama.

Ranar Juma'a da safe Dakta Nieves ta bugo waya. Ƙwayar cuta iri ɗaya ce a cikin bokitin, da lakar bakin bututun Don Eladio, da ruwan tafkin Casilda. Ta ce ruwan ya shiga sosai kafin a rufe, ba abin da za a iya cetowa.

Da tsakar rana Sufeto ya koma fadama. Tun daga nesa ya hango tsuntsaye, farare fat a sama, suna faɗowa suna tashi. Casilda na bakin tafkin da gwangwani da sanda tana bugawa don ta kore su, ko a jikinsu. Jatan landen sun taso gefe-gefe suna iyo a karkace, waɗansu sun riga sun juya ciki sama. Abincin shekara guda ke nan, da aikin ɗanta na ƙarshe.

"Ka kama shi?"

"Yana Cádiz lokacin, Casilda. Na tabbatar."

"Ka tabbatar wa uwarka. Ku dama ba kwa kama mai farar riga."

"Ina so ki duba mini ƙofar nan. Ruwa ya ja baya, yanzu ana ganin katakan har ƙasa. Ni ban san abin da nake kallo ba."

"Wannan kam gaskiya ka faɗa."

Ta tattare riga ta gangara cikin lakar mashigin, shi ya bi ta, bai ma damu da takalmin ba. Katako shida ne, kuma duk inda biyu suka haɗu an cusa wani abu baƙi don kada ruwa ya tsiyaya. Casilda ta shafa shi da yatsa, fuskarta ta yi laushi karo na farko tun ranar Talata.

"Dubi aikin ɗana. Ko ɗigo ba ya wucewa."

"Kowa haka yake liƙewa?"

"Kowa? Su leda suke cusawa, ko tsumman buhu, kwana biyu ya ruɓe. Wannan ciyawar fadama ce. A yi mata kitso gida uku, a tsoma a baƙar laka, a tura da bakin wuƙa daga hagu zuwa dama, a naɗe jelar ciki. Mijina Baldomero ne ke yin haka, Allah ya ji ƙansa, shi ma wajen ubansa ya koya. Ba ya nuna wa bare. Yana cewa abin gida ne."

Sufeto ya ɗaga hannu ya nuna mata guntun rigar da ke maƙale a sama.

"Kin san wannan?"

"Rigar Fermín ce. Ni na ɗinke aljihun."

"Katako ne ya danne ta. Yana kwance a kan dutsen aka zura katakon. Lokacin ya riga ya mutu, Casilda. Ba shi ya rufe ƙofar nan ba."

Ta tsaya da yatsanta a kan kitson.

"Wanda ya buge shi bai gudu ba," in ji Sufeto. "Ya ga ruwan cuta na kwarara cikin tafkinki, ya kasa tafiya ya bar shi. Ya shiga ruwa ya jera katako shida, ya tsaya ya kitsa ciyawa, gawa na bisa kansa. Don Eladio ba zai yi haka ba, ba ma zai iya ba. Mutum nawa Baldomero ya koya wa?"

Tsuntsaye na ta ihu a bayan bangon.

"Casilda."

"Na ji ka. Ba kurma ba ce ni."

Ta zauna a cikin lakar, haka nan, da baƙar rigar makokinta. Ta tuna shekarar da Amparo ta kawo wani dogon yaro maraya gida, Baldomero ya ƙi shi wata shida, sannan wata rana ya kira shi bakin wannan ƙofar ya miƙa masa wuƙa ya ce, tunda ka zama ɗan gida, zo ka gani. Ta tuna ita ta soya musu wainar jatan lande a ranar.

"Jikokina biyu," ta ce. "Babbar bana za ta gama makaranta. Gidan da suke ciki na Don Eladio ne."

"Na sani."

"In na ce ban sani ba fa? In na ce Baldomero ya koya wa rabin gari?"

"Sai in rubuta haka. Ba ni da wata shaida sai bakinki."

Sufeto bai matsa mata ba, ya tsaya laka na haɗiye ƙafarsa a hankali. 'Ya ɗaya ta rage mata a duniya, kuma ta san in ta buɗe baki ta rasa ta. Ta ɗaga kai ta dubi guntun rigar.

"Mutum biyu ya koya wa. Ɗaya jiya na binne shi." Ta miƙo hannu. "Ɗaga ni. Da ƙafata zan je."

Da suka isa gidan Amparo, a kan tebur suka tarar da su. Amparo na yanka burodi, Nicanor na zaune gaban kwanon wake bai taɓa ba. Yaran suna wajen wata maƙwabciya. Saje ya tsaya a ƙofa.

"Mama! Me ya same ki? Dubi rigarki!"

Casilda ba ta kalli 'yarta ba. Ta zo ta ajiye wani abu a kan tebur kusa da kwanon, baƙi, yana ɗigar da laka a kan farin ƙyalle. Kitson ciyawa ne, gida uku, jela a naɗe.

Nicanor ya dube shi. Bai tambayi ko mene ne ba.

"Ka ce kana barci da ƙarfe uku," in ji Sufeto.

"Haka na ce."

"Ka ce da sassafe kuka wanke tafki. Sai sha biyu likitar dabbobi ta kira maigidanka."

Nicanor ya sunkuyar da kai kan kwanon.

"Kalle ni, Nicanor," in ji Casilda. "Shekara goma sha tara kana ce mini Mama. Kalle ni ka ce ba hannunka ba ne."

Ya ɗora hannuwansa biyu a kan tebur, yana kallonsu kamar na wani.

"Hannuna ne, Mama."

Wuƙar burodi ta faɗi daga hannun Amparo.

"Faɗa mini daga farko," in ji Sufeto.

"Kwana biyar kafin abin ya faru tafki na huɗu ya fara mutuwa. Na ce wa Don Eladio mu kulle mu gaya wa mutane. Ya ce in na buɗe baki in nemi wani gidan. Ranar Talata da sha biyu da 'yan mintoci ya zo bukka, ya riga ya sa rigar fita. Ya ce gobe likita na zuwa, yana so ta tarar da ruwa mai kyau. Na ce yallaɓai, ruwa shigowa yake, duk zai tafi wajen surukata. Ya ce shi bai tambaye ni inda ruwa ke zuwa ba. Ya shiga mota."

"Sai ka kunna injin."

"Na kunna. Na ce a raina Fermín ba zai buɗe ba sai gobe. Ƙarya na yi wa kaina, na san zai buɗe. Wajen uku saura ya zo da bokiti. Bai ma zage ni ba. Ya ce, ɗan'uwa, kai? Ya juya. Ya ce zai rufe ƙofarsa ya wuce ofishin likitar dabbobi. Na kashe injin na bi shi ina roƙo. Na ce ka tuna da Amparo, ka tuna da yara, za a kore mu. Ya ce da ka tuna da su kafin ka kunna. Ya duƙa zai ɗauki katako. Ƙarfen da ake ɗaga katakai da shi na jingine a bango."

"Ina ƙarfen?"

"A mashigi, daidai inda ya lanƙwasa."

"Me ya sa ka rufe ƙofar?"

Nicanor ya ɗago kai, da gaske bai gane tambayar ba.

"Ruwan na shiga, yallaɓai. Tafkin Mama ne."

"Tafkin Mama," in ji Casilda. "Ka tsallake ɗana kana mini kitson ciyawa. Jiya kuma ka ɗauki akwatinsa. Bai yi maka nauyi ba?"

"Ya yi, Mama."

"Kada ka ƙara kirana haka."

Saje ya sa masa ankwa. Bai yi gardama ba. A bakin ƙofa ya ce wa matarsa ta tuna da maganin tarin ƙaramar, yana saman firji.

Da motar ta tafi, Amparo ta juyo. Ba ta yi kuka ba tukuna.

"Ke kika kawo su."

"Ni ce."

"Fermín ya riga ya tafi, Mama. Ba zai dawo ba. Yanzu kin cire wa yarana uba, gobe a fitar da mu titi. Me kika samu?"

"Yayanki ne."

"Fita daga gidana."

"Ba gidanki ba ne, 'yar nan. Abin da ya jawo mana duka ke nan."

Amparo ta rufe ƙofa, Casilda ta ji an murɗa makulli. Ta koma fadama ita kaɗai da ƙafa. Tsuntsayen sun ƙoshi, sun jeru a kan gaɓa.

An tsamo ƙarfen ranar Asabar. Ranar Litinin Sufeto ya kira Don Eladio ofis, ya zo da ɗaya daga cikin lauyoyin da suka ci kifi tare. Minti arba'in suka yi. Ya ce shi bai taɓa ba da umurnin a zubar da komai ba, cewa ya yi a tsabtace tafki, kuma ma'aikacin da ya shekara ashirin a fadama ya fi shi sanin lokacin ruwa. Ba takarda, ba shaida, daga maganarsa sai ta mai kisan kai. An rufe gonar zuwa ƙarshen shekara, za a ci shi tara. Ya sa hannu, ya gyara wuyan riga, ya fito.

Casilda na zaune a kan bencin baranda tun ƙarfe takwas. Ya wuce ta gabanta, har ya ɗan sunkuyar da kai irin na masu ladabi. Ta bi shi da ido har ya shiga mota. Sannan ta tashi ta tura ƙofar Sufeto ba sallama.

"Ina za shi?"

"Gida."

"Gida."

"Tara za a ci shi, Casilda. Laifin gurɓata ruwa da ɓoye cuta. Na aika wa mai gabatar da ƙara duk abin da Nicanor ya faɗa, amma ba na so in yi miki ƙarya. Doka na neman wanda ya ɗaga ƙarfe."

"Wanda ya ɗaga ƙarfe ni na ba ka shi. Da bakina. Ka san abin da na biya?"

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ranar Lahadi na ga jikokina a coci, uwarsu ta ja su ɗaya gefen. Ɗana na ƙasa, surukina na kurkuku, tafkina wari yake har bakin kwalta. Gida biyu aka rushe a yini ɗaya don kada mutum ɗaya ya yi asarar kakar bana. Shi kuma ya tafi cin abincin rana." Ta buga tafin hannu a kan teburin, kofinsa ya yi tsalle. "Wa ya san tafkinsa na ruɓewa ya yi shiru kwana biyar? Wa aka gaya wa ruwa shigowa yake ya ce bai tambaya ba? Wa ya riƙe mutum da rufin da ke kan 'ya'yansa ya tura shi? In dokarku ba ta da suna ga wannan, ku nemo mata."

Sufeto ya cire tabarau ya murza idanu.

"Ni ban yi makaranta ba, ban iya rubutu ba. Kai ka iya. Ɗauko sabuwar takarda, ka sa sunan alƙalin da ke sama da kai, da wanda ke sama da shi. Zan faɗa kana rubutawa, in dangwala yatsa. In sun mayar, mu sake wata. Gobe ina nan kan bencin can, jibi ma haka, sai an kira Eladio Pavón gaban alƙali ya tsaya da ƙafarsa, ba lauyansa ba, ya faɗa mini da bakinsa me ɗana ya yi masa."

Sufeto ya jawo aljihun tebur, ya fito da farar takarda, ya cire murfin biro.

"Fara da sunan Fermín," in ji ta. "Cikakke. Sannan ka tambaye su wa zai amsa."